Sunan OpenOffice ne ya zauna, masu gyaransa sun daɗe da tashi

Sau uku cikin wata biyu ana kawo mini magana guda, kuma duka daga kudancin Maradi. Na ƙarshe wani mai buga takardu ne daga Safo, mai ɗan shagon da ake zuwa a rubuta takardar neman aiki, a buga tambayoyin jarrabawar lakwal, a cike takardun da za a kai mairi. Ya ɗauko kwamfutarsa a bayan kabu-kabu har wurina. Kukansa shi ne takardun da ake turo masa ta WhatsApp suna buɗewa a hargitse, layukan teburi sun hau juna, kuma in ya gama aiki ba ya iya ajiye shi a matsayin .docx, wanda shi masu aikin ke nema. Da na duba sai na tarar da OpenOffice 4.1 a ciki, wanda wani furoje ya sa kafin ya naɗe tabarmarsa. Na ce masa ya koma LibreOffice. Sai ya gyara zama ya ce, "Ai Malam, an ce mana wannan jabu ne. OpenOffice shi ne na asali, wancan kwaikwayo ne, irin maganin da ake talla a tire."

Wannan maganar ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin na gaji da maimaita amsarta a baki.

Ba zan tsaya dogon bayani kan manhaja mai buɗaɗɗen tushe ba. Abin da ya shafe mu shi ne lasisinta ya ba kowa izinin ɗaukar rubutun da aka gina ta da shi, ya gyara, ya rarraba. Idan wasu suka ɗauki wannan rubutu suka ci gaba da shi da sabon suna, masu sana'ar suna cewa an yi "fok", ni kuwa reshe nake ce masa. Reshe ba sata ba ne, ba kwaikwayo ba ne. Izinin a rubuce yake tun ranar farko, kuma saboda irin wannan rana aka rubuta shi.

Ga yadda aka yi. OpenOffice na hannun kamfanin Sun ne a Amurka. A watan Janairun 2010 Oracle ya kammala sayen Sun, masu aikin sa kai kuma ba su amince da sabon maigidan ba. Ranar 28 ga Satumba 2010 suka kafa gidauniyar The Document Foundation, suka ɗauki rubutun tushen gaba ɗaya, suka raɗa masa LibreOffice, domin sunan OpenOffice mallakar Oracle ne, kuma bai sakar musu ba. Fitowarsu ta farko, 3.3, ta zo a Janairun 2011. A cikin wannan shekarar masu rarraba Linux irin su Ubuntu da Debian da Fedora duk suka bi su. A watan Yunin 2011 Oracle ya miƙa abin da ya rage, har da sunan, ga gidauniyar Apache. Babbar fitowar OpenOffice ta ƙarshe ita ce 4.1, ta watan Afrilun 2014. Tun daga nan sai ƴan ƙananan faci, 4.1 kaza, 4.1 kaza. LibreOffice kuwa sau biyu a shekara yake fitar da babban sabo, Fabrairu da Agusta, har ma tun 2024 lambarsa ta koma shekara da wata, 24.2, 24.8, don kowa ya ga shekarun abin da ke hannunsa.

Mutumin Maradi bai kamata wannan ya ba shi wuya ba. Bayan 1807 sunan Katsina ya zauna inda yake, gidan sarautar da ke riƙe da ita ya taso ya zo nan, kuma har gobe Sarkin Katsina ake ce wa sarkinmu. Wa zai tsaya a ƙofar fada ya ce sarautar jabu ce don ta canza mazauni? Misalin bai cika ba, na sani, tunda Katsina ta ci gaba da zama birni mai rai da sarakunanta, shi kuwa OpenOffice da mutanensa suka tashi kusan kufai suka bari.

Ba ƙazafi nake yi ba. A 2015 an gano wata kafa a manhajojin biyu, wadda takarda mai guba za ta iya bi ta cutar da kwamfuta. LibreOffice ya toshe ta a watan Afrilu, OpenOffice sai Oktoba. A Satumban 2016 shugaban aikin OpenOffice na lokacin, Dennis Hamilton, da kansa ya buɗe muhawara kan ko a rufe aikin, saboda ƙarancin masu gyara. Akwai ma wani abu a lasisin da mutane ba su lura da shi ba: LibreOffice na iya ɗaukar duk gyaran da Apache ta yi, amma Apache ba ta iya ɗaukar na LibreOffice. Ruwan gefe guda yake gangarawa. A Afrilun 2024 gwamnatin jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta yanke shawarar mayar da kwamfutocinta kusan 30,000 kan LibreOffice. Gwamnati ba ta ɗora albashin ma'aikatanta a kan maganin tire.

Amsar da ta fi ɓata mini rai ita ce, "To ai yana aiki." Rumbun da gara ta ci ma yana tsaye har ranar da zai zube. Manhajar da ke buɗe takardun da baƙi ke turo maka kullum ƙofar gida ce, kuma masu neman ɓarna ba su yi ritaya a 2014 ba. Kai ka tsaya cak, su suna tafiya, Microsoft ma yana ta sauya yadda Word ke rubuta takardu. Hargitsin da mutumin Safo ke gani a teburansa wannan tazarar ce.

Kuma ba LibreOffice kaɗai ba ne. Wanda ya ƙirƙiri MySQL, Monty Widenius, shi da hannunsa ya fitar da reshen MariaDB a 2009, sunayen biyu ma daga na ƴaƴansa mata ya samo su. To wanne ne jabun? Nextcloud ya fito daga ownCloud a 2016 a hannun wanda ya kafa na farkon. Da CyanogenMod ya rufe a Disamban 2016, LineageOS ya ɗauki kayan. Da Red Hat ya sanar a Disamban 2020 cewa zai yanke rayuwar CentOS 8, Rocky Linux da AlmaLinux suka tashi. Samarinmu da ke zaga ƙauyukan Madarunfa da KoboCollect suna cike tambayoyin ƙungiyoyi, reshen ODK Collect ne a hannunsu, ban kuwa taɓa jin ɗayansu ya ƙi karɓar kuɗin aikinsa don manhajar ba ta asali ba ce.

Dalilan mutuwar manhaja ba su da yawa. Ko an sayar da kamfanin, ko kuɗin tallafi ya ƙare, ko mutum guda ne ke ɗauke da ita a lokacin hutunsa ya gaji, ya yi aure, ya sami aiki. Shi ke nan.

Laifin da nake gani a nan gida na masu furoje ne. A zo da mota fara, a raba kwamfutoci, a yi horo na kwana uku, a ɗauki hoto, a tafi. Ba a rubuta wa kowa sunan abin da aka sa ba, balle wanda zai sabunta shi. Daidai da famfon da ake kafawa a ƙauye ba a naɗa kwamitin kula ba, ranar da roba guda ta tsinke mata su koma rijiya. Na sha buɗe kwamfutar wata ƙungiyar manoma in tarar da lissafin taki da na bashin membobi na shekaru a cikin wata manhajar da ko shafinta babu a intanet yanzu. Wanda ya sa ta yana wata ƙasa yana wani furojen. Masu koyar da yaranmu kwamfuta su ma ba su fita ba, suna koya musu inda za su danna, ba sa koya musu tambayar wa ke kula da abin da suke dannawa.

Yanzu ga gargaɗin, kuma a kansa zan daɗe, domin na san da na ce reshe halal ne wani zai ce, "Ashe GB ɗina ma lafiya lau." Ba lafiya ba. WhatsApp ba buɗaɗɗen tushe ba ne, bai ba kowa izinin gyara shi ba. GBWhatsApp da ƴan uwansa fasa ƙwaurin manhajar mutane aka yi, aka cusa abin da aka ga dama, aka rufe. Ba ka san wanda ya yi ba, ba mai iya karanta abin da ya cusa, kuma kamfanin WhatsApp yana rufe layukan masu amfani da su. Wannan shi ne maganin tiren na gaskiya, shi ne kuma ake tura wa juna ta Xender a tashar mota ba mai cewa uffan, alhali LibreOffice da ake iya karanta kowane layinsa shi ake kira jabu. Abin ya juye.

Suna ma ba ya kare ka. Masu Android da yawa sun san Simple Gallery da sauran ƴan gidan Simple Mobile Tools, masu sauƙi, marasa talla. A ƙarshen 2023 mai su ya sayar wa kamfanin ZipoApps. Sunan bai canza ba, hoton bai canza ba, sai talla da neman kuɗi suka shigo. Masu sa kai suka ɗauki tushen suka ci gaba da sunan Fossify. Wanda ya bi suna ya bi mai saye, wanda ya bi tushe ya bi Fossify.

Ko a cikin buɗaɗɗen tushen kansa, sabon mai kula ba waliyyi ba ne. A Maris 2024 wani injiniya, Andres Freund, ya lura cewa shiga wata kwamfuta ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Da ya bi sawu sai ya gano ƙofar ɓoye a xz, wata ƙaramar manhajar matse fayil da ke cikin kusan kowane Linux. Wanda ya dasa ta, mai kiran kansa Jia Tan, ya shafe sama da shekara biyu yana taimakon mai aikin da gajiya ta kama, har aka ba shi mabuɗi. Don haka kada ka ga reshe ka rungume don kawai sabo ne. Manhajar da aka yasar takan fitar da rassa biyar, huɗu su bushe kafin damina ta zagayo.

Abin da nake dubawa ba sirri ba ne. Yaushe aka yi fitowar ƙarshe? In an haura shekara biyu shiru ga manhajar da ke taɓa intanet ko buɗe takardun baƙi, na fara haɗa kaya. Mutum nawa ke aikin, kuma akwai gidauniya ko ƙungiya a bayansu, ko mutum ɗaya ne da wayarsa? Tsofaffin masu gyaran ina suka nufa? Sai kuma abin da ya fi sauƙi ga wanda ba ya karanta rubutun tushe: dubi wanda Debian da Ubuntu suka sa a rumbunsu, ko F-Droid in ta waya ce. Sun riga sun yi maka tankaɗe.

Kai kuma ɗan'uwana na Safo, ga naka. Kafin ka taɓa komai, kwafe takardunka duka a kile biyu, ɗaya ta kwana a gida, ba a shago ba. Kada ka cire OpenOffice tukuna, su biyun suna zama a kwamfuta guda ba faɗa. LibreOffice daga libreoffice.org kaɗai za a sauke shi, ba daga kilen mai gyaran waya da ta shiga kwamfuta ɗari ba. Nauyinsa ya kai wajen mega 350, saboda haka ku haɗa kai ku masu shaguna, mutum guda ya sauke a Maradi inda rezo ke da ƙarfi, a kan sabuwar kile, ku raba. Yana magana da Faransanci, kuma .odt da .ods ɗinka na dā za su buɗe kai tsaye tunda tsatsonsu ɗaya. Ka zaɓi takardu goma da ka fi cin abinci da su, ka buɗe, ka buga a takarda, ka aza kusa da tsofaffin. In kana da teburin lissafi mai dabarun da wani ya rubuta maka a ciki, shi za ka fi matsa wa gwaji, domin a nan ake samun tuntuɓe. Ka buga layi guda mai ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, in sun fito akwatuna ka sa harafin Charis ko Andika na SIL, kyauta ne. Bayan wata guda ba ka koma wa tsohon ba, sai ka cire shi.

Saura matsala guda da na gani a kwamfutarka, ita ce Windows 7. Microsoft ya daina kula da ita tun 14 ga Janairun 2020, kuma LibreOffice daga fitowar 25.8 ba ya hawa kanta. Za ka iya sa wanda ya gabace shi ka lallaɓa, amma ka san sabuwar ƙofa ce a jikin katangar da ta jiƙa. Bayan kaka, in ciniki ya lafa, ka dawo da ita tare da injin buga takardarka, mu gwada Linux Mint a kan kile mu ga ko injin zai amsa kafin mu goge komai.