Karayar da Ba a Yi wa Ɗori

'Yan'uwana ɗalibai, da iyayenmu masu karanta wannan mujalla, akwai wani ɗan ƙashi a jikinmu wanda ba mu tunawa da shi sai ran da muka yi zaman 'yan bori a ƙasa. In ka shafa gadon bayanka ka bi shi har inda ya ƙare, tsakanin mazaunai, to ka iso wurinsa. Masana ilmin jiki suna ce masa ƙashin wutsiya, domin daga nan ne wutsiyar dabba take fitowa. Malamanmu na Arabiyya kuwa sun san shi da sunan ajbuz-zanabi. 'Yan ƙananan ƙasusuwa ne, yawanci 4, ga wasu mutane 3 ko 5, suka haɗu suka ɗan lanƙwashe kamar bakin tsuntsu. Su ne na ƙarshe cikin ƙasusuwa 33 da suka yi gadon baya.

Duk ƙanƙantarsa yana da aikin yi. Zaman mutum kamar tukunya ce a kan murhu: duwatsu biyu su ne ƙasusuwan mazaunai, na ukun kuwa shi ne wannan, musamman in an jingina baya. Haka nan kuma naman da ke taimakon mutum ya riƙe bayan gida a jikinsa yake manne. Shi ya sa wanda ya karya shi yake jin zafi in ya zauna, ya ji ya fi in zai miƙe, ya kuma riƙa tsoron shiga masai.

A nan ƙasar Birnin Gwari hanyoyin samun wannan ciwo ba su da wuyar lissafi. Dajinmu, wanda aka keɓe wani yankinsa tun 1936 har ya zama gandun Kamuku na ƙasa a 1999, daji ne na doka da kaɗanya da ɗorawa, kuma ɗan da ya tashi a bakinsa da wuya ya girma bai taɓa faɗowa daga reshe ba. Ga santsin bakin rijiya da na rafi da damina. Ga babur da bayan akori-kura, wanda in ya faɗa rami sai fasinja ya yi sama ya dawo kan ƙarfe. Iyayenmu mata kuma sukan same shi wajen haihuwa, in kan jariri ya danne shi. Ciwon wurin ma ya fi kama mata nesa ba kusa ba. Sai kuma wasan banzan nan na cikin aji, watau janye wa mutum kujera yana shirin zama. A ganina wannan ba wasa ba ne ko kaɗan, don dariyar minti ɗaya ce mai iya jawo wa wani jinyar zango guda.

To, abin da ya raba wannan karaya da sauran shi ne ba a yi mata ɗori. In hannu ya karye, maɗori yakan ja shi ya daidaita, ya jera kara ya ɗaure; a asibiti kuma a sa siminti. Ƙashin wutsiya yana can cikin nama, ba inda za a jera masa kara, ba kuma inda za a naɗa siminti. Murza wurin da ƙarfi ko jan sa ƙara kumburi kawai yake yi. Da kansa yake haɗewa. In buguwa ce kawai, cikin mako 4 takan lafa. In kuwa tsagewa ce ko karaya, sai an yi mako 8 zuwa 12. Ke nan aikin mai jinya shi ne ya ɗauke wa ƙashin nauyi har ya gama haɗewa.

A kwana 2 na farko a naɗe ƙanƙara cikin tsumma a ɗora minti 15 zuwa 20, sau da dama a yini. In babu ƙanƙara, tsumma da ruwan randa ma ya fi babu. Bayan nan sai a koma gashi da ruwan ɗumi, ɗumi dai, ba tafasasshe ba. Wajen kwanciya a kwanta ta gefe, ko rub da ciki.

Batun zama shi ne babba, kuma maganinsa yana cikin kowane gida: gammo. A sami tsohon zane a naɗa gammo babba mai kauri, a bar bayansa a buɗe kamar kofaton doki, yadda cinyoyi za su hau kansa, ƙashin kuwa ya tsaya a sarari bai taɓa komai ba. In an zauna a ɗan sunkuyo gaba, kada a jingina. Kada kuma a daɗe wuri ɗaya. Bayan kowane rabin awa a miƙe a ɗan taka. Katifa mai laushin gaske, wadda mutum ke nutsewa ciki, ba ta taimako yadda ake zato.

A nan ne nake roƙon malamanmu alfarma. Ɗalibi yakan wuni kan bencin katako tun safe har azahar, sa'an nan ya koma karatun dare. Wanda ke wannan jinya a ƙyale shi ya zo da gammonsa, ya koma bayan aji inda zai iya miƙewa in ya gaji, a ɗauke masa gudu da ƙwallo da noman gonar makaranta. Mu kuma abokansa mu kame bakinmu. Ciwo ne a wurin kunya, kuma da yawa, musamman 'yan mata, sun gwammace su cije su yi shiru da a ce za a yi musu dariya. Iyaye ma, in kuka ga yaro yana zama a karkace ko yana cin abinci a tsaye bayan ya faɗi, ku ja shi gefe ku tambaya.

Abinci ma yana cikin jinyar, don taurin bayan gida shi ne babban abokin gaba. Yunƙuri yana jan ƙashin. A yawaita shan ruwa, a ci zogale da rama da wake da gwanda, a sha miyar kuka ko kuɓewa. Don rage zafi farasitamol yakan isa. Akwai kuma ibufurofen, amma ba a shan sa ciki wayam, mai gyambon ciki kuwa ya guje shi. Kodin da tiramol fa a yi nesa da su in ba likita ne ya rubuta ba. Suna ɗaure ciki, ga kama jiki, har ma gwamnatin tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi a 2018.

Amma akwai alamun da ba a zama gida da su ko na yini ɗaya. In ƙafa ta mutu ko ta yi sanyi ba ƙarfi, ko tsakanin cinyoyi ya daina jin taɓi, ko fitsari da bayan gida suka riƙa zubowa ba a sani ba, ko fitsari ya ƙi fita, to abin ya wuce ƙashin wutsiya, mai yiwuwa jijiyoyin gadon baya ne suka taɓu. Haka in akwai zazzaɓi ko jini a bayan gida. A garzaya babban asibitin Birnin Gwari. In sun ga abin ya fi ƙarfinsu za su tura Kaduna, ko asibitin koyarwa na Shika a Zariya, ko asibitin ƙashi na Dala a Kano. Daga nan zuwa Kaduna, ta Udawa da Buruku, tafiyar kilomita 120 ce ko kusa da haka, saboda haka a nemi mota a kwantar da mara lafiya ta gefe. Kada a ɗora shi bayan babur.

Wanda kuma ya cika wata 3 zafin bai ragu ba, shi ma ya koma wurin likita a ɗauki hoton ƙashin. Wani lokaci gocewa ya yi, sai a yi allura a wurin ko a koya masa motsa jiki na musamman. Fiɗa don a cire ƙashin ma ana yi, amma ba safai ba, sai duk sauran hanyoyi sun ƙi. Keke da babur kuwa su ne abin da mai jinya zai koma wa daga ƙarshe, bayan ya iya zama kan benci awa guda ba tare da gammo ba.