Tsibiri, Garin Sarkin Gobir

Duk wanda ya tashi daga Saye Sabuwa ya nufi fadar Tsibiri, to ya nufi gidan tarihi. Tsibiri tana cikin gundumarmu ta Gidan Runji, a gefen Gulbin Maraɗi. Nan ne Sarkin Gobir yake zaune. Amma kun san yadda aka yi sarautar ta zo nan?

Tsofaffi sun ce Gobirawa daga Azbin suka fito. Sun yi ta tafiya kudu, suka zauna Birnin Lalle. Daga baya Sarki Babari ya mai da Alƙalawa babban birni. A can ne Bawa Jangwarzo ya yi mulki, sunanshi ya kai ko'ina.

A 1804 jihadin Shehu Usumanu ɗan Fodiyo ya tashi. A 1808 aka ci Alƙalawa, Sarki Yunfa ya mutu wurin yaƙin. Gobirawa suka watse, amma ba su bar sarautarsu ta faɗi ba. A 1836 suka haɗa kai da Katsinawan Maraɗi, suka kara da Muhammadu Bello na Sakkwato a Gawakuke. Ranar ba ta yi musu kyau ba. Sarkin Gobir Ali da Sarkin Maraɗi Rauda duk suka kwanta dama.

Bayan wanga yaƙi ne Mayaƙi ya tattara sauran jama'a, ya kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. Daga baya waɗansu ƴan sarki suka ware, suka gina Sabon Birni. Da Turawa suka zo suka ja iyaka, sai Tsibiri ta faɗo Nijar, Sabon Birni ta faɗa Najeriya. Ƙasa biyu, dangi guda.

Me kakanni suka bar mana? Na ɗaya, sarauta da fada. Na biyu, sarautar Inna. Inna mace ce daga gidan sarauta, ita ce uwar ƙasa, kuma shugabar ƴan bori. Na uku, zanen Gobir, wanda ake ja daga gefen baki zuwa kunne. Yanzu ba a cika yi wa yara shi ba. Na huɗu, wasan barkwanci. Bagobiri ya ga Bayarabe ko Bazabarme, sai tsokana da dariya, ba faɗa. A 2014 hukumar UNESCO ta sa wasan barkwanci na Nijar cikin gadon duniya da ya kamata a kiyaye.

To, ga inda maganar take. Da yawa daga cikin tarihin nan a bakin tsofaffi da maroƙa yake, ba a takarda ba. In tsoho ya rasu, abin da ya sani ya tafi da shi. Ku kuwa yanzu kun iya riƙe alƙalami. Ku je wurin kaka ko mai gari, ku gaishe shi, ku tambaye shi wa ya kafa garinku, daga ina aka taso. Ku rubuta, ko da layi biyar ne, ku kawo aji mu karanta tare.

Tambayoyi
1. Wace shekara aka ci Alƙalawa?
2. Wa ya kafa Tsibiri?
3. Mene ne aikin Inna?
4. Wa ya kafa garinku?