Darasin Kimiyyar Zamantakewa: Babbar Gasa da Zuciyar Mai Masauki

Manufa
A ƙarshen darasin nan, ɗalibi zai iya bayyana abin da ke sa mutanen gari su rungumi babbar gasar wasanni, da abin da ke sa su juya mata baya.

1. Ƙa'ida
Masana na bayyana hakan da ƙa'idar musayar amfani. Kowane mazaunin gari yana ɗora gasar a kan sikeli. A gefe guda akwai alfahari, ciniki, aikin yi da sababbin tituna. A ɗaya gefen akwai tsadar haya, cunkoso, rushe gidaje da bashin da za a biya da kuɗin haraji. Inda sikelin ya rinjaya, nan zuciyarsa take karkata.

2. Yadda ake aunawa
Ana yi wa jama'a tambaya iri ɗaya sau uku: kafin gasa, ana tsaka da ita, da bayan an watse. Dalili kuwa, wanda aka tambaya ranar da ƙasarsa ta ci wasa, murna ce ke amsawa, ba lissafi ba.

3. Misali daga Barazil
A 2007 aka bai wa Barazil Kofin Duniya na 2014. Cibiyar binciken ra'ayin jama'a ta Datafolha ta samu kashi 79 cikin ɗari na 'yan ƙasar suna goyon bayan gasar a 2008. Zuwa Afrilun 2014 sun ragu zuwa 48. Me ya faru? A Yunin 2013 an ƙara santabo (ƙananan kuɗin Barazil) 20 a kuɗin motar bas a Sao Paulo. Ma'aikacin da ke tsaye a tasha yana ƙirga canji, yana kuma jin kuɗin da ake zubawa a filayen wasa 12, sai ransa ya ɓaci. Fiye da mutum miliyan ɗaya suka fito tituna suna neman asibitoci da makarantu masu kyau irin filayen.

4. Bayan baƙi sun tafi
Birnin Montreal ya karɓi Olamfik a 1976, bai gama biyan bashin ba sai 2006. Hausawa sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Shagali na wata guda ne, nauyinsa kuwa mai gida ke ɗauka. Don haka wajibi ne a nemi yardarsa tun kafin a aza tubali.

Aikin gida
Kano, Kaduna da Bauchi sun karɓi wasannin Kofin Duniya na matasa a 1999. Tambayi manya uku da suka shaida: me suka samu, me suka rasa? Rubuta amsoshinsu a gefe biyu na sikeli.