Zaɓen Fitilar A-Kori-Kura: Halojin ko LED

Wajibi ne direban a-kori-kura mai tafiyar dare tsakanin Machina, Nguru da Gashuwa ya yi nazari kafin ya sauya ƙwan fitilarsa. Ƙwan halojin yana cin wat 55 zuwa 60, ga shi da araha. Na LED ya fi ƙarko da tsimin batir. Amma kaskon da aka ƙera domin halojin ba ya tattara hasken LED daidai; sai ya watse, ya kashe idon direban da ke tafe. Da hunturu kuwa, hazo yakan komo wa mai motar da watsattsen hasken, har ya kasa hango raƙumi a gabansa. Wanda ya nace sai LED, to ya sauya fitilar ɗungum, makanike ya daidaita ta.