BABI NA TARA: ƘOTA, MARIƘI DA KUBE A ƘASAR GWANDU

9.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin sana'ar ƙira a dunƙule. Wannan babi zai taƙaita ne ga wuƙa, musamman sashen da hannu ke riƙewa, tare da ɗaukar misalai daga Gwandu da Kalgo a Jihar Kabi. Dalili shi ne, a wannan sashe ne aka fi samun sauyi tun bayan shigowar wuƙa mai naɗewa, kuma sauyin ya shafi harshe kamar yadda ya shafi sana'a.

9.1 Sassan Wuƙa da Sunayensu

Wuƙar gargajiya tana da sassa uku: ruwa, wato ƙarfen da ke ɗauke da kaifi, da ƙota, da kube. Kalmar ƙota (jam'i ƙotoci) ba ta wuƙa ba ce ita kaɗai, domin gatari da fartanya da gizago duk suna da ita. Mariƙi kuwa ƙirarriyar kalma ce daga aikatau riƙe, ta hanyar ɗafa ma- a goshi da -i a ƙeya, kamar mabuɗi da magirbi. Saboda haka ta fi ƙota faɗin ma'ana: kowace ƙota mariƙi ce, amma mariƙin buta ba ƙota ba ne.

Ɗalibin da zai je nazari Gwandu ko Kalgo ya lura cewa karin harshen yankin na yamma ne. Zai iya jin yuƙa a maimakon wuƙa, da barunje (jam'i rundawa) a maimakon mahauci. Haka kuma mahaɗin tamata yakan naso da baƙin da ke biye da shi, sai ƙotar gatari ta koma ƙotag gatari. Kuskure ne mai nazari ya gyara wannan zuwa daidaitacciyar Hausa a lokacin da yake rubuta abin da aka faɗa masa.

9.2 Yadda Ake Zaɓen Ƙota

Wuƙa ɗaya takan ratsa hannun masu sana'a uku. Maƙeri ne ke ƙera ruwa, a da daga tama, yanzu galibi daga tsofaffin ƙarafan mota. Yakan bar wani siririn tsini a gindinsa. Masassaƙi, ko shi maƙerin da kansa, ya sassaƙa ƙota daga ice mai tauri irin su marke da ƙirya da aduwa. Sai a gasa tsinin ya yi ja, a cusa shi cikin icen ya ƙone wa kansa hanya, sannan a sa zoben ƙarfe a bakin ƙotar don kada ta tsage. Baduku ne na ƙarshe: shi ke ɗinka kube, wani lokaci ya naɗe ƙotar da fata.

Aiki ne ke yanke hukunci a kan siffar ƙota, ba sha'awa ba. Barunje yana aiki cikin jini da kitse, don haka yana bukatar ƙota mai kauri wadda ba ta da santsi, mai ɗan tudu a ƙarshe da zai tare hannu. Basarken da ke su a fadamar Kalgo damuwarsa ruwa ce, domin ice maras tauri yakan kumbura in ya jiƙe, ya tsuke in ya bushe, har ruwan wuƙar ya fara girgiɗi. Shi kuwa malamin allo a Gwandu, garin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, abin da yake nema bai wuce 'yar ƙaramar aska mai siririn mariƙi da zai feƙe alƙalami da ita ba.

9.3 Wuƙa Mai Naɗewa

A wannan nau'i ruwa yana juyawa a kan ƙusa ya shige cikin mariƙi. Uku daga cikin fitattun samfuranta sun isa misali, domin kowane ya bi hanya daban.

Okapi an fara yin ta a Solingen ta ƙasar Jamus a 1902 domin kasuwannin Afirka, kafin aikin ya koma Afirka ta Kudu a 1988. Mariƙinta na katako ne, da ƙarfe mai danna ruwan a gadon baya, kuma wasu nau'o'inta suna da zoben da sai an ja shi wuƙar za ta rufe. Douk-Douk, wadda kamfanin Cognet ya fitar a Thiers ta Faransa a 1929, mariƙinta falle ɗaya ne na ƙarfe da aka ninke biyu. Ba ta da nauyi, ba ta cika aljihu, ba ta kumbura, kuma arharta ta sa ta karɓu a ƙasashen Afirka da Faransa ta mallaka. Sai dai siririn ƙarfe yana cin tafin hannu idan aiki ya yi tsawo, yana kuma tsatsa. Opinel, ita ma ta Faransa, wadda aka fara a 1890, ta zaɓi dunƙulallen ice mai cika hannu, wanda shi ya fi kama da ƙotar Bahaushe. A 1955 aka ƙara mata zoben da ake murzawa ya kulle ruwan. Aibinta shi ne na basarke: icen ya sha ruwa, ya kumbura, wuƙar ta ƙi buɗuwa.

Makulli ba ado ba ne. Wuƙar da ba ta da shi tana iya rufewa a kan yatsu idan aka soka ta da ƙarfi, kuma wannan, haɗe da gajartar ruwanta, ya sa ba ta kwace wurin wuƙar gargajiya a mahauta ko wajen yankan layya ba.

9.4 Matsalar Suna

A wuƙa mai naɗewa mariƙi shi ne kube. Sassa biyu sun zama ɗaya, aikin baduku ya fita, harshe kuma ya sami giɓi. Idan aka kira sashen ƙota, an bar batun ɓoye kaifi. Ga shi kuma ƙota ta fi zama a bakin mutane da ma'anar ice, alhali da yawa na ƙarfe ne ko roba. Idan aka kira shi kube, to ai kube ana zare wuƙa ne daga cikinsa a ajiye shi gefe. Mariƙi ce ta fi dacewa a rubutun ilimi, tun da aiki take nunawa, ba abin da aka yi sashen da shi ba.

Wannan giɓi zai bayyana a aji. Malamin da ke koyar da adon magana irin su "ya mayar da wuƙarsa kube" zai iya tarar da yaron birni da bai taɓa riƙa kube ba, ko da yake yana jin maganar a rediyo duk lokacin da aka janye yajin aiki. Irin wannan malami ya kyautu ya shiga aji da kuben a hannu.

9.5 Jinga

Ka ziyarci maƙera mafi kusa da kai da 'yar wuƙa mai naɗewa, ka nemi maƙeri da barunje da wanzami kowa ya faɗi sunan sashen da ake riƙewa. Ka rubuta amsoshin yadda aka furta su, sannan ka bayyana inda suka saɓa.