Darasi: Kwalin Wayarka Ma Fasaha Ce, Ga Yadda Masana'antu Ke Rage Asara Wurin Shirya Kaya

 A bidiyoyin buɗe sabuwar waya da muke yi, yawancinmu ido na kan wayar ne, kwalin kuwa a jefar da shi gefe. To yau kwalin za mu ɗauko. Dalili kuwa biyu ne. Da yawa daga cikinku da ke Ingila da Amurka da Saudiyya kuna aiki a manyan sito-sito da masana'antun shirya kaya. Wasu kuma kuna da 'yar sana'arku ta tura kilishi, turare, yaji ko kayan waya daga Kumasi, Yawunde ko Jidda zuwa wata ƙasa. Duk wanda ke cikin ɗayan biyun nan, darasin yau ya shafi aljihunsa.

Me ya sa kamfanoni ke damuwa da kwali?

A watan Oktoba na 2020 Apple ya fitar da iPhone 12 babu kan caja, babu abin sauraro a cikin kwalin. Jama'a sun yi ta surutu, kuma suna da hujjarsu, domin wanda ba shi da caja sai ya sake kashe kuɗi. Amma ku duba lissafin kamfanin: ya ce ƙanƙantar kwalin ta sa ana iya jera ƙarin kwalaye har kashi 70 cikin 100 a kan katakon lodi guda. Ma'ana jirgi ɗaya zai ɗauki wayoyin da a da suka fi ƙarfinsa. Samsung ma ya bi sahu da Galaxy S21 a farkon 2021. A 2021 ɗin dai Apple ya cire ledar da ake naɗe kwalin iPhone 13 da ita, ya koma sitikar takarda da ake yagewa.

Irin waɗannan canje-canje daga awo suke fitowa. Ƙa'idar dai ɗaya ce a ko'ina: abin da ba ka auna ba, ba za ka iya gyara shi ba. Bari mu ɗauki hanyoyi uku da masana'antu ke amfani da su, dukansu daga Japan suka samo asali.

Hanya ta farko: OEE, ma'aunin gaskiyar inji

Wani injiniyan Japan, Seiichi Nakajima, shi ya yaɗa wannan lissafi. Tambaya ɗaya yake amsawa: a cikin lokacin da aka ware wa inji, kashi nawa ya tafi wurin yin kaya mai kyau? Abubuwa uku ake ninkawa: lokacin da injin ya yi yana gudu, saurin da ya yi idan aka kwatanta da iya ƙarfinsa, da kuma yawan kayan da suka fito lafiya.

Mu yi misali da alƙaluman da muka ƙaddara don koyo. A ce akwai injin da ke liƙe kwalaye, aikin awa 8 ne, wato minti 480. A cire minti 30 na hutu, saura 450.

An ɓata minti 60 wurin sauya injin daga ƙaramin kwali zuwa babba, kwali kuma ya maƙale ya ci minti 30. Injin ya yi gudu na minti 360 ke nan cikin 450, wato kashi 80.

Ƙarfin injin kwali 60 ne a minti ɗaya, don haka ya kamata ya fitar da 21,600. Amma 18,360 ya fitar. Kashi 85 ke nan.

A cikinsu 918 sun lalace, ko gam bai kama ba ko lambar ta karkace. Masu kyau 17,442, wato kashi 95.

Kowace lamba in ka kalle ta ita kaɗai sai ka ce ai ba laifi. Amma ninka su ka gani: 0.80 sau 0.85 sau 0.95 ya ba da kashi 64.6 kacal. Kusan minti 160 sun tafi a banza alhali kowa na ta zufa tun safe. Nakajima ya sa kashi 85 a matsayin matakin da manyan masana'antu ke hanƙoron kaiwa. Amfanin lissafin shi ne ya nuna maka inda ramin ya fi zurfi. A misalinmu, minti 60 ɗin sauya inji su ne babban ɓarawo.

Hanya ta biyu: SMED, sauya inji cikin mintuna

Wannan ta Shigeo Shingo ce, wanda ya daɗe yana ba kamfanin Toyota shawara. Manufarta a sauya inji daga wani aiki zuwa wani cikin ƙasa da minti 10. A labarin da shi kansa ya bayar, wani ƙaton injin matse ƙarfe mai tan 1,000 a Toyota da ake ɗaukar awa 4 ana sauya shi, an dawo da shi minti 3.

Dabarar ba ta da wuya. Ka raba aikin sauyin gida biyu: abin da dole sai inji ya tsaya za a yi shi, da abin da za a iya yi inji na gudu. Ɗauko sababbin kwalaye daga sito, neman sufana, ɗumama gam, shirya naɗin lambobi, duk waɗannan ba sa buƙatar a kashe inji. Amma a wurare da yawa sai an kashe ɗin sannan wani zai fara tambayar "ina aka ajiye makullin nan?" Bayan an raba, sai a rage na cikin: a sa alama a daidai wurin da kowane girman kwali ke tsayawa, a maye gurbin kusoshin da ake ta murɗawa da maƙalai masu kamawa nan take.

Ku da ke son na'ura, ga inda wayarku za ta yi amfani. Masu wannan aiki bidiyo suke ɗauka na sauyin daga farko zuwa ƙarshe, su zauna da ma'aikatan su kalla suna rubuta daƙiƙoƙin kowane motsi. Idan a wurin aiki ne, sai da izinin shugabanka fa, domin yawancin sito-sito sun hana ɗaukar hoto.

Mu koma misalinmu. In aka rage sauyin daga minti 60 zuwa 15, OEE zai tashi zuwa kusan kashi 72.7, a samu ƙarin kwalaye masu kyau kimanin 2,180 a aiki ɗaya. Ba a sayi sabon inji ba, ba a ce wa kowa ya ƙara sauri ba.

Hanya ta uku: poka-yoke, toshe ƙofar kuskure

Ita ma ta Shingo ce. A farkon shekarun 1960 ya ziyarci wata masana'anta da ma'aikata ke mantawa da saka ƙaramin sifirin a cikin makunnin lantarki. Maimakon faɗa, sai ya ce a riƙa fara ajiye sifirin biyu a ɗan faranti. In an gama aka ga ɗaya ya rage, an san an yi mantuwa.

Kuna riƙe da irin wannan dabara a hannunku: kusurwar layin waya da aka datse don kada ya shiga a juye. A wurin shirya kaya kuwa akwai sikelin da ke auna kowane kwali yana wucewa a kan bel. In kebul ɗaya ya ɓace, nauyin zai gaza, sai wani hannu ya ture kwalin gefe. Akwai kyamarori masu karanta lambar da ke jikin kwali don tabbatar da ta dace da abin da ke ciki. Ita kanta lambar QR, kamfanin Denso Wave ne ya ƙirƙiro ta a 1994 don bin sawun kayan gyaran mota.

Ta fuskar inganci za ku riƙa jin sunan Six Sigma, tsarin da Bill Smith ya gabatar a Motorola a 1986, mai burin kada kuskure ya wuce 3.4 a cikin miliyan. Kwatanta da misalinmu: kashi 5 na lalacewa daidai yake da 50,000 a miliyan.

To mai ƙaramar sana'a fa?

Ga lissafin da ya kamata kowane mai tura kaya ya haddace. Kamfanonin jigila ta sama suna cajin wanda ya fi yawa tsakanin ainihin nauyin kaya da nauyin girman kwalin. A DHL Express, ana ninka tsawo da faɗi da tsayi a santimita, a raba da 5,000. Kwali mai 40 da 30 da 30 zai ba da kilo 7.2. Ko da kayanka kilo 3 ne, kuɗin kilo 7.2 za ka biya, ka sayi iska ke nan. Rage tsayin zuwa 15, lissafin ya dawo kilo 3.6.

Sannan ka samu littafi ko ka buɗe Google Sheets. Duk kayan da aka dawo maka da shi, ko abokin ciniki ya yi ƙorafi, rubuta dalili: ya fashe, ya jiƙe, an tura ba daidai ba, wani abu ya ɓace. Bayan wata ɗaya ka jera su daga mafi yawa. Sau da yawa za ka ga matsala ɗaya ko biyu ne ke cin rabin asararka. Ita za ka fara kamawa, ka canza abu ɗaya tak, ka sake aunawa. In ka canza abu biyar lokaci guda, ba za ka san wanne ya yi aiki ba.

Gargaɗi ɗaya: waɗannan hanyoyi an yi su ne don gyara tsarin aiki. In aka mai da lambobin bulalar matsa wa ma'aikaci, mutane za su fara ɓoye matsala, lissafin ya koma ƙarya. Wanda ke tsaye gaban inji awa 8 ya fi kowa sanin inda yake maƙalewa, shi ya kamata a fara tambaya.

Aikin gida

Inji ya yi gudu na minti 400 cikin 450. Ƙarfinsa kwali 50 a minti, ya fitar da 18,000, 360 sun lalace. Nawa ne OEE ɗinsa, kuma wanne cikin ukun nan za ka fara gyarawa? Ku yi lissafin ku ajiye, za mu warware shi tare a bidiyo na gaba in sha Allahu.