Darasi na 14: Hoto Kafin Zuwan Kyamara

Yau a Garwa ko yaro yana ɗaukar hoto da waya. A da ba haka ba ne. Sai a shekarar 1839 aka fara sanin kyamara. Kafin nan, mai son hoton gini sai ya nemi mai zane.

A birnin Landan akwai wani mai buga littattafai, sunansa Rudolph Ackermann. A shekarar 1814 ya fitar da littafi cike da hotunan gine-ginen Jami'ar Oxford ta Ingila. An yi yawancinsu da wata dabara da ake kira akwatint.

Ga yadda ake yin ta. Ana samun farantin jan ƙarfe mai santsi, a barbaɗa masa garin ƙaro, a ɗan gasa shi har garin ya manne. Sai a tsoma shi cikin asid, wato ruwa mai cin ƙarfe. Asid ya bi tsakanin ƙwayoyin ƙaron, ya yi ƙananan ramuka. Inda ake son duhu, a bari ya ci sosai. Inda ake son haske, a rufe wurin tun da wuri. Daga nan a shafa tawada, a goge, a danna takarda da injin matsa. Launi kuwa da hannu ake sa shi, takarda bayan takarda. Aiki ne na masu haƙuri!

Ƙasarmu ma ta shiga irin waɗannan littattafai. A shekarar 1823 wani Bature, Dixon Denham, ya zo Mora, babban birnin Mandara, daga Barno. Ya zana abin da ya gani. A 1826 aka buga hoton isowarsa Mora a Landan. Amma wanda ya sassaƙa hoton a kan ƙarfe bai taɓa taka Mora ba, zanen Denham kawai ya bi. Saboda haka mai duba hoton ya lura: wani abu gaskiya ne, wani kuwa ƙarin mai sassaƙa ne.

Kalmomi
jan ƙarfe: cuivre
ƙaro: résine
tawada: encre

Tambayoyi
1. Mene ne amfanin garin ƙaro?
2. Don me ba za a yarda da duk abin da ke cikin hoton Mora ba?

Aiki
An kafa Jami'ar Garwa a 2022. Ku zana ƙofarta ko ƙofar makarantarku, ku rubuta kwanan wata a ƙasa.